Neman kalma: me za mu kira "riyakshan" a darasin sinadarai?

MalamarSinadari: Salamu alaikum jama'a. Gobe da safe zan naɗi darasin rediyo na 'yan sakandare, ga kalmar Turancin nan ta riyakshan ta tsaya mini a wuya. Na rubuta "haɗuwar sinadarai" amma raina bai kwanta ba. A agaza kafin dare.

Mai_Alli: Wa alaikumus salam. Gara da bai kwanta ba, Malama. Ki zuba garin ƙarfe da farar wuta a kwano ki juya. Sun haɗu, amma da kin kawo maganaɗisu zai tsince ƙarfen tas. Wannan gauraya ce kawai. Sai kin ɗora su a wuta sun yi jajir, sun zama baƙin dunƙule da ba ƙarfe ba, ba farar wuta ba, sannan abin da kike nufi ya faru. Ni "rikiɗa" nake cewa a aji.

Ɗan Lab: Ƙari a kan haka, ba kullum ake haɗuwa ba. Dutsen farar ƙasa shi kaɗai ake gasawa, ya rabu biyu, iskar kabon dayoksaid ta fice. Da wa ya haɗu?

TsohonTafinta: Martani fa? Ko mu ɗauko tafa'uli na Larabci mu huta.

Mai_Alli: Ranka ya daɗe, martani a bar wa 'yan siyasa.

HausaZalla: Kullum aro, kullum aro! Bahaushe ya daɗe yana cewa tsatsa ta ci ƙarfe, wuta ta ci itace. Kalmar tana bakinmu: CIJUNA. Sinadarai sun yi cijuna. Na jima ina faɗa, amma da yake ba daga jami'a ta fito ba, ba mai kallonta.

Ɗan Lab: Malam, abin da aka ci ƙarewa yake yi. A nan ba abin da ke ɓacewa. Ƙusa in ta yi tsatsa nauyinta ƙaruwa yake, don ta ja oksijin daga iska. Tun 1789 masanin sinadarai Lavoisier ya rubuta wannan ƙa'ida a Faransa. Cijuna za ta koya wa yara kishiyar darasin.

HausaZalla: To, an fara. Sai Bature ya sa hannu kafin mu yi magana da harshen iyayenmu?

TsohonTafinta: Allah ya huci zuciyarka. Amma "kalma" da ka rubuta a sama daga ina ta zo? Jami'a fa?

HausaZalla: Waɗannan sun kwana a gida, sun zama 'yan gari.

Uwar_Biyu: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Rikiɗa ma da saura: ruwa ya rikiɗa ya zama ƙanƙara, alhali ruwan ne dai.

Mai_Alli: Gaskiyarki, Hajiya. Shi ya sa sai an ja mata wutsiya: "rikiɗar sinadari", wato har sai sabon abu ya fito.

MalamarSinadari: Na ɗauka, na gode. Saura ɗaya: halin da ya sa ƙarfen sodiyam in an jefa shi a ruwa yake ta zarya yana fitar da iskar haidurojin, har sai a cikin mai ake ajiye shi, zinariya kuwa ta shekara dubu ko gezau. Saurin rikiɗa?

Ɗan Lab: Sauri wani babi ne daban, zafi ma yana ƙara shi. Ki ce "sauƙin rikiɗa" na gobe kawai.

HausaZalla: Zafin cijuna. Amma ku yi yadda kuka ga dama. Rikiɗar dai ba ta aro ba ce, shi ya sa na yi shiru.