Musayar waƙa kan Lucy Tulugarjuk, 'yar ƙasar ƙanƙara

'Yar Damagaram

Assalamu alaikum masu alƙalami. Daren jiya na sake kallon Atanarjuat, fim ɗin mutanen Inuit na arewacin Kanada wanda Zacharias Kunuk ya ba da umarninsa, ya fito a 2001 ya ci kyautar Caméra d'Or a bikin Cannes na Faransa. Tun daga farkonsa har ƙarshe da harshen Inuktitut aka yi shi. Matar da ta fito a matsayin Puja ce ta hana ni barci, Lucy Tulugarjuk. Ga nawa, mai iyawa ya ɗora.

Da sunan Ta'ala nake yin yabo,
Ga Lusi ɗiyar can ƙasar ƙanƙara.

Garin Iglulik ne, ruwa kewaye,
A hunturu rana akan sha jira.

Ta hau fim da harshen iyayenta ne,
A ƙofar Bature ba za tai bara.

Ta zam Puja mai murmushi mai dafi,
Idon nata tarko, miji daddara!

Ɗan Gusau

Wa'alaikumus salam Yaya. Ni ma na kalle shi, kuma har yau ban huce ba. Puja ƙanwar Oki ce, ta auri Atanarjuat a kan matarsa Atuat, Amaqjuaq kuwa wan Atanarjuat ne.

Haba Yaya, wa kika ɗauko yabo?
Puja fa, makira, muguwar kishiya.

Ta tarar da Atuat a ɗakin miji,
Ta lallaɓa gun wan mijin, ba kunya.

Da an kore ta sai ta je gun Oki,
Tana ta kuka tana shirga ƙarya.

Da mashi aka soke Amaqjuaq a barci,
Ƙanin ya tsere tsirara kan ƙanƙara.

'Yar Damagaram

Ƙanena tsaya, ban da saurin fushi,
Daban Lusi, sannan daban kishiya.

Fushin naka shi ne yabon da ta ci,
Ta shuka tsanar Puja har zuciya.

Irinku ka zagin gwana kasuwa,
Da wasa da gaske ku dama miya.

Wannan rawar da kake tsine wa ita ta ba ta kyautar gwanar 'yan wasa mata a bikin finafinan 'yan asalin Amurka da ake yi a San Francisco. Alƙalan can ba su ɗauki Lucy mai raba zumunci ba.

Autan Maraɗi

Allah ya ja zamanin Yaya! Ta karɓi "ya" ɗinsa ta doke shi da ita. Nijar ta yi magana, Zamfara sai ta nemi inuwa.

Sarkin Yaƙin Ƙaura

Auta, ka iya bakinka. Ƙasar da makaɗan fada suka cika kake ce wa ta nemi inuwa? Ɗan Gusau ya ba da labarin fim sukutum a baiti huɗu, ita kuwa sanyi da tsibiri ta yi ta faɗa mana.

Malam Mai Aruli

Ku dakata da kirari, a duba aiki. Baitukan 'Yar Damagaram karin Mutaƙarab ne tsaf, fa'ulun sau uku sannan fa'al. Ɗan Gusau kuwa ɗangonsa na farko gaɓa 11 ne, amma ɗangon mashi gaɓa 14. Ga kuma amsa-amo: kishiya, kunya, ƙarya, sai ga ƙanƙara ta faɗo daga sama.

Ka faro da "ya" sai ka ƙare da "ra",
Abin Yaya ne, mai da shi, daddara.

Ɗan Gusau

Allah gafarta Malam, Amaqjuaq sunan mutum ne a tarihin baka na Iglulik, kakanni sun yi ɗaruruwan shekaru suna ba da labarinsa. Ba zan datse masa suna don ya shiga mudunka ba.

Malam ma'aunin gari mai mudu,
Kana ta awo, hatsin ba kai ka noma ba.

Dare da rana kana ƙirgar gaɓar mutane,
Baiti guda naka ba mu taɓa haddacewa ba.

Sarkin Yaƙin Ƙaura

Kuma Malam, tun yaushe aruli ya koma ƙirga? Nauyin gaɓa ake aunawa, doguwa da gajera. A karin Kamil ma gajeru biyu sukan zauna a gurbin doguwa ɗaya, ƙirga ta canja, kari yana nan daram.

Malam Mai Aruli

Sarkin Yaƙi, gaskiyarka a Kamil. To nuna mini Kamil a "da mashi aka soke". Na auna shi da Kamil, na auna da Wafir, na auna da Ramal, bai zauna ko'ina ba. Zihafi, wato sauyin da kari ya yarda da shi, daban, karaya daban.

Autan Maraɗi

Malam ya gama magana. Gurgun baiti ko an ɗaura masa rawani gurgu ne.

Sarkin Yaƙin Ƙaura

Kai Auta, tun da aka fara ko ɗango ɗaya ba ka kawo ba, sai tafi da guɗa.

Hajiyar Zango Kumasi

'Ya'yana, kwana biyu ban leƙo ba, na dawo na tarar an binne baiwar Allah a ƙarƙashin fa'ulun. Ba wanda ya tuna cewa Lucy mawaƙiya ce. Tana yin katajjaq, waƙar maƙogwaro ta matan Inuit: mata biyu su tsaya fuska da fuska, su riƙe juna, wannan ta jefa sauti waccan ta cafe, wadda ta fara dariya ko numfashinta ya yanke ita ta faɗi. 'Yan mishan sun taɓa hana shi, mata suka farfaɗo da shi.

A 2014 hukumar makamashi ta Kanada ta ba kamfanoni izinin harba ƙara mai ƙarfi cikin tekun Baffin don neman mai. Mutanen Clyde River, wani ƙauyen Inuit, suka ce zai kori dabbobin tekun da suke farauta su ci. Ana cikin haka aka nemi Lucy ta rera waƙa a Fort Smith don tarbar ministar muhalli Leona Aglukkaq, wadda ita ma 'yar Inuit ce. Ta ƙi. A 2017 Kotun Ƙoli ta soke izinin.

Ku aje mudu ku ji labari,
An kira ta ta rera wa baƙuwar gari,
Ta kame baki, ta ƙi shiga shiri,
Don teku da masu abinci cikin ruwa.

Aka kai shekara uku ana shari'a,
Ƙauyen mafarauta ya taki sa'a,
Kotu ta ce ba a tuntuɓi jama'a
Yadda ya dace ba, ta hana harbawa.

Ɗan Gusau

Hajiya, wannan kam na miƙa wuya. Macen da za ta hana minista muryarta don mafarautan ƙasarsu ta wuce zambona.

Malam Mai Aruli

Hajiya, a yi mini afuwa, baitinki na biyu ɗango na uku bai tsaya da ƙafarsa ba, sai da ya tsallaka ya jingina da na huɗu. Saɓi-zarce ne, ba laifi ba ne, amma kari ya ɗan yi tangaɗi.

Hajiyar Zango Kumasi

Malam, na haifi kamarka. Ka bar mini tangaɗina.

'Yar Damagaram

Allah ya saka da alheri Hajiya, kin dawo mana da ita. Bari in ƙarasa. Bayan Atanarjuat ta fito a L'iceberg, fim ɗin Beljiyam na 2005, da Maïna a 2013. A 2018 ta ba da umarnin nata fim na yara, Tia and Piujuq, labarin yarinya 'yar gudun hijirar Siriya a Montreal da ta yi ƙawa 'yar Iglulik. Tana cikin shugabannin Uvagut TV, tashar talabijin mai magana da harshen Inuit da aka buɗe a Janairun 2021. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Tautuktavuk na 2023, da suka shirya ita da Carol Kunnuk suka kuma fito a matsayin ya da ƙanwa, ɗaya a Montreal ɗaya a Iglulik, kullen korona ya raba su, suna hira ta bidiyo kan dukan da ake yi wa mata a gidan aure. Ya ci kyauta a bikin Toronto.

Da farko umarnin waɗansu ta bi,
A yau ita ce mai riƙon kyamara.

Suna da tasharsu da harshen gida,
A birni a kalla, a kai karkara.

Ɗan Gusau

Yaya, Lucy na yarda da ita. Puja kuwa ina nan a bayan tsohuwa Panikpak, kakarsu da ta kore ta ita da Oki daga sansani a ƙarshen fim. Malam, ga gyaranka, ka huta:

Da mashi aka soke wan a barci,
Ƙanin ya tsere tsirara, sai tafiya.

Malam Mai Aruli

Amsa-amo ya dawo gida, madalla. Amma ina Amaqjuaq ɗin da ka ce ba za ka datse ba? Ka cire shi gaba ɗaya.