Wace fasaha ce za ta riƙe ƙaramin asibiti idan ruwa ya ci gari ko layin waya ya ɗauke?

Ma'aikaciyar lafiya, Borno:
Assalamu alaikum. Tun bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024, lokacin da ambaliya ta mamaye babban ɓangare na Maiduguri, wannan tambaya take damuna. A ƙaramin asibitin da nake aiki, katunan marasa lafiya da rajistar awon ciki sun jiƙe sun lalace, kuma allurar rigakafin da ke cikin firji ta ɓaci saboda rashin wuta. Yanzu kwamitin unguwa ya tara ɗan abin da ya samu, ana shawarar abin da za a fara saya. Wasu na cewa kwamfuta, wasu na cewa janareta. Ina roƙon masu sani su ba mu shawara.

Mai haɗa wutar sola, Kano:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah Ya kiyaye gaba. Shawarata ita ce ku fara da wuta, domin kwamfuta da waya da na'urar iskar shaƙa duk a kanta suka dogara. Janareta yana buƙatar mai, shi kuwa mai shi ne abin da ke fara yankewa idan hanya ta toshe, kuma mutanen Maiduguri sun san wannan tun 2021 da aka lalata turakun wuta garin ya daɗe cikin duhu. Akwai firjin rigakafi da ke aiki kai tsaye da farantin sola ba tare da batir ba. Da rana yana daskarar da ruwan da ke jikin bangonsa, wannan ƙanƙarar ce ke riƙe sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 cikin dare da ranakun hadari. Na fifita shi ne saboda batir shi ne abin da ke fara mutuwa a zafin ƙasarmu. Sai dai a ɗora firjin da sauran kayan wuta a kan dandamali mai tsawo, tunda kun ga iyakar inda ruwa ya kai.

Jami'in sa ido kan cututtuka, Katsina:
Na yarda da Malam, amma ina so in tsaya a kan bayanai. Lokacin da Ebola ta shigo Legas a watan Yuli na 2014, an ɗauko ma'aikata da tsarin cibiyar gaggawa ta yaƙi da shan-inna, aka riƙa bibiyar kusan mutum 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, ana aika rahoton zafin jikinsu ta wayar hannu kowace rana. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma a ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar. Abin lura shi ne ma'aikatan sun riga sun saba da irin wannan aiki tun kafin annoba ta zo. Daga wannan darasi ne aka samar da manhajar SORMAS ta tattara rahoton ɓullar cututtuka, wadda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ke amfani da ita.

Saboda haka, 'yar'uwa, kada ku karɓi manhajar da ba ta aiki sai da intanet. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin jiharmu saboda matsalar tsaro, kuma duk ma'aikacin da aikinsa ya rataya a kan sabis ya tsaya cak. Ku nemi wadda ke adana bayani a cikin wayar, ta tura shi da kanta idan an samu layi, sannan ku ci gaba da rajistar takarda a cikin akwatin da ruwa ba ya shiga. Rahoton amai da gudawa da ya makara kwana uku yana iya zama asarar rayuka da yawa a sansanin da mutane suka cunkushe.

Ɗalibin aikin jinya, Zariya:
Malamai, ina da ƙarin tambaya. Kamfanin Zipline ya fara kai jini da jirage marasa matuƙi a Ruwanda a 2016, ya shiga Gana a 2019, kuma ya fara aiki a jihar Kaduna a 2022. Shin wannan ba zai magance matsalar hanyar da ruwa ya yanke ba?

Jami'in sa ido kan cututtuka, Katsina:
Yana taimakawa ƙwarai wajen jini da maganin saran maciji da rigakafi, ƙanena, amma aiki ne na gwamnatin jiha, domin yana buƙatar tashar tashi da yarjejeniya, kuma jirgin ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Ko shi ma sai asibiti ya iya aika saƙon buƙata, ya kuma mallaki firjin da zai karɓi abin da aka kawo.

Ma'aikaciyar lafiya, Borno:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan gabatar wa kwamiti batun firjin sola a zaman da ke tafe, sai waya guda ta aiki da akwatin rajista su biyo baya. Zan kuma nemi a horar da mutum biyu a kan manhajar maimakon ɗaya, saboda a ranar ambaliyar yawancinmu ba mu iya isa wurin aiki ba.