Kilomita 200 babu rijiya: lita nawa zan ɗauka, kuma keke zai jure?

Sabon_Matafiyi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin doguwar tafiya a kan keke ta cikin hamada. Akwai wani tsakani mai kilomita 200 da ba a da tabbacin ruwa, hanyar kuma ba kwalta, gargada ce da rairayi jefi-jefi. Kekena na ƙarfe ne, taya inci 26. Lita nawa zai ishe ni, kuma yaya zan ɗaure shi?

Mai_Lissafin_Hanya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba da kilomita ake auna ruwa ba, da awoyin da za ka yi kana tuƙi ake aunawa. A kan gargada da kaya, kilomita 10 a awa ma ka yi ƙoƙari, in iska ta taso ta gabanka sai ka koma 6 ko 7. Ka ce awa bakwai a yini, kwana uku ke nan cur.

Cikin zafi jiki na iya zubar da gumi lita guda a awa. Ka haɗa da na girki da na dare, ka ware lita 10 kowace rana, sannan ka ƙara na kwana guda saboda lalacewar keke ko guguwa. Lita 40 ke nan, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Shi ya sa nake ganin ka bari sai lokacin sanyi, inda lita 6 a rana kan isa, jimilla 24. In dole sai da zafi, ka nemi mai mota ya ajiye maka rabi a tsakiyar hanya.

Ka tashi tun duhun asuba, ka sauka da hantsi wajen ƙarfe goma, ka kafa inuwa da ƙyalle, kada ka sake hawa sai la'asar. Ruwa zalla kuma ba ya mayar da gishirin da gumi ya fitar. A lita ɗaya ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali shida na sukari, ka sha irin wannan sau ɗaya ko biyu a yini. Fitsari ya yi ja ya ragu, ka ƙara sha. In jiri ya zo, ko tunaninka ya fara rikicewa, sauka nan take ka jiƙa jikinka a inuwa.

Bakaniken_Keke:
Lissafin Malam daidai ne, sai dai nauyin nan shi ke karya keke. Yawancin kariyar baya kilo 25 aka yi su su ɗauka. Raba ruwan: kamar lita 6 a tsakiyar firam, 8 a jakunkunan gaba, ƙasa-ƙasa kusa da tsakiyar taya, sauran a baya. Kada ka zuba duka a jarka ɗaya, ta huje ka rasa komai. Gorunan lita ɗaya da rabi sun fi, ka fara shanye na baya.

Abin da ke fara lalacewa shi ne sifok na tayar baya, ɓangaren da giya take, domin nan ne suka fi ɗaurewa. Taya mai sifok 36 ka nema, ka riƙe guda shida na ajiya daidai tsayinsu, da ɗan ƙarfen kwance giyar baya, don ba a iya zura sabo sai an cire ta. Guda ɗaya ya tsinke, gyara shi a ranar, in ba haka ba na kusa da shi za su bi.

Gargada kuma tana kwance noti a hankali. Kowace yamma ka bi na kariya ɗaya bayan ɗaya, ka ajiye ƙarin guda huɗu masu kaurin milimita 5. Sarƙa kada ta ga baƙin mai ko giris, yashi zai manne ya riƙa cin haƙoran giya kamar dutsen niƙa. Mai busasshe mai kaki za ka sa, ka goge da tsumma kullum.

Mai_Faci:
Ba a taɓo taya ba. Faɗinta kada ya gaza inci 2. A rairayi ka rage iska har ta ɗan baje, amma in ka wuce gona da iri rim zai datse tif, ka ga huji biyu kusa da juna. Da ka fita ƙasa mai tauri ka mayar da iskar.

Wasu na yabon taya marar tif mai ruwan toshe huji, kuma tana maganin ƙaya sosai, amma zafi na busar da ruwan da wuri, don haka duk da ita ka riƙe tif biyu. Sholisho ka ɗauki ƙanana biyu da ba a fasa ba, wanda aka buɗe yakan daskare cikin 'yan makonni. Kafin ka sa sabon tif, shafa cikin tayar da yatsa a hankali, sau da yawa tsinin ƙayar na nan a maƙale.

Sabon_Matafiyi:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan jira sanyi. In na tarar da rijiya mai ɗanɗanon gishiri fa, matatar ruwa za ta gyara shi?

Mai_Lissafin_Hanya:
A'a. Matatar ruwa da ƙwayar kulorin ƙwayoyin cuta suke magani, ba sa cire gishiri, tafasawa ma ƙara shi take yi. Irin wannan ka yi wanka da jiƙa rawani da shi. Mai daɗi amma gurɓatacce, bar shi ya kwanta, ka tace da ƙyalle, ka sa kulorin ka jira minti 30.