Kwana bakwai a Ladakh: Pangong za mu fara ko Nubra?

Ɗalibi a Pune:

Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, ɗalibai a nan Indiya, muna son mu je Ladakh, yankin tsaunuka a arewacin ƙasar, a hutun watan Yuni, kwana bakwai har da ranar zuwa da ta dawowa. Shirinmu shi ne mu hau jirgi daga Delhi zuwa Leh, babban garin yankin, washegari mu wuce tafkin Pangong mu kwana, daga nan sai kwarin Nubra. Wannan tsarin ya yi? Wace takarda ake nema a wurin baƙo? Yaya batun abincin halal da sallah? Sannan ɗaya daga cikinmu jininsa AS ne, lafiyarsa ƙalau, ƙwallo ma yake bugawa, ko akwai abin dubawa? Allah ya saka da alheri.

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ku juya tsarin nan. A Ladakh abin da ake tsara tafiya da shi shi ne bisan wurin da za a kwana, nisan hanya yana biyo baya.

Delhi ba ta kai mita 300 sama da teku ba. Leh kuwa tana wajen mita 3,500, jirgi kuma zai ajiye ku can cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. A wannan bisan, kowane numfashi yana kawo wajen kashi biyu cikin uku ne na oksijin ɗin da jiki ya saba samu a ƙasa. Pangong ta haura mita 4,200, kuma kafin a kai ta daga Leh sai an tsallaka mashigin Chang La, sama da mita 5,300. Wanda ya yi haka a rana ta biyu, da wuya ya kwana ba ciwon kai da amai, ga shi babban asibiti yana can Leh, tafiyar awa biyar. Shi ya sa hukumomin Leh suka ce wanda ya sauka ta jirgi ya huta awa 48 kafin ya ƙara hawa.

Ranar farko a masauki za ku yi ta: kwanciya, ruwa, abinci mara nauyi. Yawanci sai bayan awa 6 zuwa 12 jiki ke fara nuna alama, saboda haka jin garau da saukowa daga jirgi ba ya nufin komai. Rana ta biyu ku zaga cikin gari a hankali. Akwai fadar Leh mai hawa tara wadda sarki Sengge Namgyal ya gina a ƙarni na 17, daga samanta ana ganin garin duka da tsaunukan Stok. Da yamma Shanti Stupa, farar hasumiyar ibadar 'yan Buda a kan tudu, amma ku hau da mota, kada ku bi matattakalar nan mai ɗaruruwan hawa. In da sauran ƙarfi, mahaɗar kogin Indus da na Zanskar tana kusa da Nimmu, wajen kilomita 35, hanyar ba hawa sosai, kuma ruwan biyu kowanne da launinsa kafin su gauraya.

Rana ta uku sai Nubra. Za ku bi ta mashigin Khardung La, mita 5,359, kilomita 40 daga Leh. Dabarar ita ce a nan wucewa kawai za ku yi, ku gangara Diskit ko Hunder a cikin kwarin Nubra, wajen mita 3,100, ƙasa da Leh ke nan, barci zai yi daɗi. Kada ku wuce minti 15 zuwa 20 a saman mashigin. Mutane na tsayawa shan shayi da ɗaukar hoto har awa guda, sai sun gangaro kai ya fara sarawa.

Ni a ganina Nubra ta fi Pangong abin kallo. A Hunder akwai jigayin rairayi kamar na hanyar Agadas, sai dai bayansu tsaunuka ne masu dusar ƙanƙara, raƙuman wurin kuma masu tozo biyu ne, ragowar na ayarin fatake da ke zuwa a da daga Yarkand, garin da ke cikin China a yau. Ku ba Turtuk yini guda, wajen kilomita 80 daga Hunder, ƙauyen Baltawa Musulmi a bakin kogin Shyok. Yana hannun Pakistan har 1971, sai 2010 aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido. Gonakin sha'ir, lambunan afirkot, ƙoramu na bi ta tsakanin gidajen dutse.

Rana ta biyar ku bi hanyar Agham da Shyok zuwa Pangong, ba sai kun koma Leh ba. Ku fita da asuba. A lokacin zafi rana na narka ƙanƙarar sama, ƙoramun da suke tsallaka titi suna cika bayan azahar, wani lokacin motoci sukan tsaya cik. Rana ta shida ku dawo ta Chang La, ku tsaya a Thiksey, gidan ibadar 'yan Buda da aka jera kan tudu hawa-hawa, kilomita 19 kafin Leh.

Maman Ilham:

Tsarin Baban Khalifa daidai ne, amma maganar ɗan uwanku mai AS ita ta fi komai nauyi a tambayar nan.

Mai AS a ƙasa lafiyayye ne, gaskiya ne. Amma idan oksijin ya yi ƙaranci, ga ƙarancin ruwa a jiki, ga sanyi da wahala, wasu ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar na mai sikila, su toshe ƙananan jijiyoyin saifa, wani ɓangarenta ya mutu. An sha ganin haka a masu AS da suka hau wurare masu bisa, har da matasa 'yan wasa. Ƙarfin jiki ba ya hana shi. Alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba kafaɗar hagu, da amai, yawanci a kwana ɗaya ko biyu na farko. Inda ake kuskure shi ne a ɗauka gyambon ciki ne ko abinci ne ya ɓata ciki, a ba shi magani a ci gaba da hawa. Ba kowane mai AS ne abin ke samu ba, da yawa suna zuwa su dawo lafiya, amma ya ga likita kafin ku sayi tikiti, ya faɗa masa lambobin nan: kwana a mita 3,500, wucewa ta 5,300. Idan ya je kuma ciwon ya zo, asibitin SNM da ke Leh kai tsaye, kalma ta farko da za ku faɗa wa likita ita ce jininsa AS ne, domin ba cuta ce da suka saba gani a yankin ba. Mai SS ko SC kuwa, wannan tafiyar ba tasa ba ce sam. Sauran ukun ma wanda bai taɓa gwaji ba ya yi.

Ga kowa da kowa: ƙa'idar ita ce bayan mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya. Kwana a bakin Pangong ya karya wannan ƙa'idar ko da a rana ta biyar. Wanda bai gama warwarewa ba ya kwana a Tangtse, ƙauyen da ke kan hanya kafin tafkin, ƙasa da mita 4,000, da safe ya je ya ga tafkin.

Ciwon kai kaɗan, rashin son abinci, barci a gutsure, waɗannan ana tsayawa ne a huta, a sha farasitamol, kada a ƙara hawa sai sun tafi. Abubuwa biyu ne ba a jira da su. Na farko haki alhali mutum yana zaune, da tari, daga baya majina mai kumfa ko mai ja-ja: ruwa ne ke taruwa a huhu. Na biyu tangaɗi kamar mai maye, ruɗewa, magana ba kan gado: ƙwaƙwalwa ce ke kumbura. Ku sa shi ya taka layi miƙaƙƙe, dunduniya na taɓa yatsu. In ya kasa, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, mita 500 zuwa 1,000 kan kawo sauƙi. Ƙananan gwangwanayen oksijin da ake sayarwa a kasuwa shaƙa kaɗan ne a ciki, kada ku dogara da su. Ku nemi direba ya ɗauko tukunyar oksijin ta gaske.

Maganin Diamox yana taimaka wa jiki ya saba da wuri, miligiram 125 safe da yamma, a fara kwana ɗaya kafin a hau. Yana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu, kuma mai rashin jituwa da magungunan salfa ya faɗa wa likita. Tunda yana fitar da ruwa, mai AS kada ya sha da kansa. Ruwa lita 3 zuwa 4 a yini. Kada a sha maganin barci, yana rage numfashi da dare. Kuma kada ku kwana da gawayi ko hita mai gas a rufaffen tanti, hayaƙinsa ba ya wari, yana kisa.

Malam na Aligarh:

Batun takarda: Leh da kewayenta biza ta isa. Nubra da Pangong kuwa kusa da iyaka suke, baƙo sai da takardar izinin shiga yankin da aka keɓe, wadda ake kira PAP. Ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a Leh ake karɓa, kuma a ƙa'ida mutum biyu zuwa sama ake ba, ku huɗu ba matsala. Ku miƙa fasfo ranar farko, kuna hutawa ana yi muku. Ku tabbata an rubuta Turtuk da hanyar Shyok a ciki, domin wurin da babu sunansa ba za a bar ku ku wuce ba. Ku yi fotokwafi shida ko fiye, shingaye irin na South Pullu da North Pullu suna karɓar kwafi su riƙe. Ku tafi da takardar zamanku ta ɗalibai.

Layin wayarku na Pune, in mai loda kati ne, yana mutuwa da kun sauka. Layin da ake biya a ƙarshen wata kaɗai ke aiki daga wajen yankin. Ku cire tsabar kuɗi a Leh. Mota kuma ta 'yan ƙungiyar direbobin Leh za ku ɗauka, suna da jadawalin farashi a rubuce, motar haya daga wata jiha ba a barinta ta kai mutane Nubra ko Pangong.

Sallah ba wahala. Babban masallacin Leh yana tsakiyar kasuwa, ƙasan fada, an fara gina shi tun 1666 a zamanin Aurangzeb, sarkin daular Mughal ta Indiya. A lungun bayansa akwai masu gasa gurasa a tanderu, da gidajen abincin Kashmirawa, namansu yankan Musulmi ne. A wuraren 'yan Buda ku tsaya kan thukpa (miyar taliya) ko momo (ƙullin fulawa da ake cusa wa haɗi a turara) na ganye, ku tambaya kafin ku ci na nama. Abin sha da ake kira chang giyar sha'ir ce, kada sunan ya ruɗe ku da shayi. A Pangong ko a Yuni dare kan kusa daskarar da ruwa, ku roƙi ruwan ɗumi a fulas tun da yamma saboda alwalar asuba. Ruwan tafkin da gishiri-gishiri, ba na sha ba ne.

Idan kun shiga gidan ibadarsu, a cire takalmi, a rage murya, inda aka hana hoto a bari.

Abu Hanif:

Ni da za ku iya ƙara kwana biyu, da na ce ku bar jirgin Leh ku sauka Srinagar, babban birnin Kashmir, mita 1,600, ku shigo ta mota. Wajen kilomita 420 ne, ta Sonamarg da mashigin Zoji La, ku kwana a Kargil, wajen mita 2,700, garin Musulmi ne, washegari ku bi ta Fotu La da Lamayuru. Jiki yana hawa a hankali, kuma in wani ya fara jin ba daidai ba, ana gane shi tun ana ƙasa. Hanyar Manali kada ku shigo ta ita, tana iya sa mutum kwana sama da mita 4,000 tun bai saba ba. Da ita ake fita.

Ɗalibi a Pune:

Mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Mun juya tsarin, ɗan uwanmu kuma zai ga likita a makon nan. Hajiya Maman Ilham, idan likita ya yarda ya je Leh amma ban da mashigai, me zai yi a kwana ukun da za mu yi a waje?

Maman Ilham:

Kada ku bar shi shi kaɗai, ɗaya ya zauna da shi, musamman a kwanakin farko. Abin gani ba zai ƙare musu ba a kwarin Indus, duk kusan bisa ɗaya da Leh: gidajen ibadar 'yan Buda na Shey da Thiksey da Hemis ta gabas, Alchi ta yamma, wadda ma ta fi Leh ƙasa, da zanen bango na kusan shekara dubu. Duk ana zuwa a dawo a yini, asibiti kuma bai fi awa biyu ba daga kowannensu. Sauran biyun su bi Nubra da Pangong, amma ku faɗa wa kamfanin tun farko don a rubuta takardar izinin da sunan mutum biyu.