Ruwan rogo na neman haɗa ni faɗa da maƙwabta, a taimaka da shawara

Mai Injin Rogo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina wani ƙauye ta wajen Gezawa. Injin gurzar rogon nan na yayana ne, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado na sayi kason sauran magada, har babur ɗina sai da na sayar, kuma har yau akwai masu ganin na cuce su, amma wannan maganar wata rana ce. Garin kwaki muke yi. In aka danne buhuna da jak, ruwan sai ya bi kwata ya fita lungu. Shekaranjiya akuyar maƙwabcina ta sha, kafin la'asar tana kumfar baki, ta mutu. Mai unguwa ya ba ni zuwa Juma'a. Ga ɓawo tsibi guda bayan rumfa, wari da ƙudaje ba a magana. Ya zan yi?

Malamin Gona: Wa'alaikumussalam. Malam, gode wa Allah da akuya ce ba yaro ba. Ruwan farko na rogo mai ɗaci guba ne, sayanayid ake kiranta. Haƙa rami biyu, a shafe su da siminti, a yi shinge. Ruwan ya kwana a na farko, sitaci ya kwanta ka kwashe, kuɗi ne. Sannan ya gangara na biyu ya yi kwanaki a buɗe, gubar tana fita da iska. Taku nawa ne tsakaninka da rijiya?

Ɗan Kazaure: Wane siminti a tsadar nan? Ɗura a jarka ka kai gona, ciyawa yake kashewa.

Malamin Gona: Ya kashe ciyawa ya bar dawa? Tsami yake sa wa ƙasa. Kada ka soma.

Hajiya Mai Alabo: Ni maƙwabtan ne ma ba na yarda da su. Wata ta kai ni ƙara wajen duba-gari kan shanyar alabo, alhali 'ya'yanta kullum suna gidana cin ɗan wake. Me ya hana shi ɗaure akuyarsa?

Mai Injin Rogo: Abin da na faɗa ke nan Hajiya! Yayana ya shekara da shekaru yana sakin ruwan nan, ba wanda ya ce uffan.

Malamin Gona: Buhu nawa yake matsewa, kai nawa kake yi? Ɓawon kuma kada ka bari ya ruɓe. A Ibadan, masu bincike na cibiyoyin binciken noma da kiwo, IITA da ILRI, gurza shi suke yi, su matse, su shanya, ya zama abincin dabbobi. Kana da inji, kana da jak, rana kuwa ba a fi mu ba. Ya bushe ƙayau tukuna, ɗanye kada ka ba ko tunkiya.

Ɗan Kazaure: Mu ɗanye muke ba su, ba abin da ya same su.

Malamin Gona: Naku mai zaƙi ne. Malam, rijiyar fa?

Mai Injin Rogo: Tana nan kusa, amma ai da murfi. Rami biyu kuma ina filin yake? Ni yanzu kuɗin akuyar ne a gabana, wai ciki gare ta, kuɗin biyu yake nema.

Hajiya Mai Alabo: Ko sisi kada ka ba shi.