Abin da matasan Jidda suka ce game da surutun da ake yi kan Call of Duty

Matasa Hausawa mazauna Jidda sun tattauna kan yadda kafafen yaɗa labarai ke yabon Call of Duty bana, baɗi kuma su kushe shi. Wasan bidiyo ne na yaƙi da ya fito tun 2003, kuma kusan kowace shekara sai an saki sabo.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce kada mutum ya sayi wasa saboda tallar farko, kada kuma ya guje shi saboda zagin intanet. An tuna da Infinite Warfare na 2016, ɗaya daga cikin jerin wasannin Call of Duty: tallarsa ta sha ƙiyayya a YouTube, amma shi ne ya fi kowane wasa kasuwa a Amurka a shekarar. Modern Warfare III na 2023 kuwa masu sharhi sun soki gajartar labarinsa, sai Black Ops 6 ya farfaɗo da martabar wasan a 2024. Don haka a jira mako biyu, a ji ta bakin masu bugawa kullum.

Inda hirar ta yi zafi shi ne batun Vanguard na 2021, lokacin da aka ga shafukan Alƙur'ani a ƙasa cikin wasan. Musulmi suka yi ca, Activision, kamfanin da ke fitar da wasan, ya nemi afuwa ya cire su. A ganina wannan ƙorafi ya cancanta ƙwarai, kuma ya kamata 'yan jarida su riƙa bibiyar irinsa.

Iyaye kuma aka ja hankalinsu su duba alamar shekaru, domin yawancin wasannin na 'yan 18 ne zuwa sama.