Ta yaya zan gano asalin tsohon hoto a intanet?

Assalamu alaikum. Ina tara tsofaffin hotunan fitattun mutane na shekarun 1960 da 1970, musamman Muhammad Ali da Pele, amma abin ya cije.

Akwai wani hoton su biyun a tare da nake nema. Na san Ali ya halarci wasan bankwana na Pele a Amurka a 1977, amma wani shafin ya rubuta 1970 a ƙasan hoton, wani 1974. Na saka shi a Google Lens da TinEye (manhajojin da ake saka musu hoto su nemo irinsa a intanet), sai kwafe-kwafe kawai ke fitowa, ƙanana, dishi-dishi, babu sunan mai ɗauka. Masu kyaun kuwa an buga musu tambari a tsakiya. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne waɗanda aka gyara da ƙirƙirarriyar basira: fuska sumul kamar roba, rubutun jikin riga a cakuɗe, har na ga hannu mai yatsu shida.

Don Allah, wace hanya kuke bi wajen tabbatar da ainihin shekarar hoto da wanda ya ɗauke shi?